Mutanen Isan Na Ƙasar Tailan: Lawo Ne Ko Tai?

Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar Hausa da ƙasar Tailan, wadda galibinmu ba mu san ta da kome ba sai buhun shinkafa. To, a yi mini haƙuri. Abin da ya jawo ni ga wannan magana wata taswira ce da na yi kiciɓis da ita a laburare ina neman wani abu dabam, taswirar harsunan kudu maso gabashin Asiya. Na ga an shafa wa ƙasar Lawos launi ɗaya, amma launin bai tsaya a kan iyaka ba, ya tsallake kogin Mekong ya malala cikin Tailan har ya cinye wajen sulusinta. Da na bi diddigi sai na tarar masu jin harshen Lawo da ke cikin Tailan sun fi na Lawos kanta yawa nesa ba kusa ba. Mutanen Lawos duka-duka ba su cika miliyan 8 ba, kuma ba dukansu ne Lawo ba, alhali kuwa yankin arewa maso gabashin Tailan yana da mutum wajen miliyan 22, mafi yawansu jikokin Lawo. Amma in ka tambayi ɗayansu ko shi wane ne, da wuya ya ce maka shi Lawo ne. Sai ya ce shi mutumin Isan ne. Yadda aka yi sunan kaka ya ɓace, sunan da mai mulki ya raɗa ya zauna, shi ne abin da na ke so mu duba tare.

Isan tudu ne mai faɗi, ana kiransa tudun Korat, an raba shi larduna 20. Kogin Mekong ya kewaye shi ta arewa da gabas, Kambodiya na kudu da shi. Ƙasarsa rairayi ce, wani wurin ma da gishiri a cikinta, ga fari ga ambaliya. Ban da Lawo akwai masu jin harshen Khmer a lardunan Surin da Buriram da Sisaket, da wasu ƙananan ƙabilu. Abincin gida shinkafa ce mai danƙo wadda a ke ci da hannu, da daddawar kifi, da kwaɗon ɗanyar gwanda. Waƙarsu ta gargajiya sunanta molam, ana raka ta da wata sarewar gora mai bututu da yawa wadda su ke kira khaen. Duk waɗannan haka su ke a ɗaya gefen kogin.

Asalin abin daga daular Lan Xang ne, watau daular giwa miliyan ɗaya, wadda Sarki Fa Ngum ya kafa a 1353. A zamaninta kogin Mekong hanya ce a tsakiyar ƙasa, ba iyaka ba, jama'a na zaune hagu da dama. Rikicin gadon sarauta ya farfasa daular a farkon ƙarni na 18, ta zama masarautu uku: Luang Prabang, da Biyantiyan, da Champasak. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1779 sojojin Siyam, watau tsohon sunan Tailan, suka ci Biyantiyan, suka kwashe mutane, suka tafi da wani koren gunkin Buda wanda Lawo ke girmamawa ƙwarai. Har yanzu gunkin yana fadar Bankok, kuma shi ne mafi daraja a ƙasar Tailan duka.

Wanda ya yi yunƙurin kwance wannan igiya shi ne Sarki Anuwong na Biyantiyan. Da fari shi mai biyayya ne ga Siyam, har ya taya su yaƙi da Bama. Amma abubuwa suka taru suka yi masa yawa. Ya nemi a maido masa da mutanensa da aka kwashe tun 1779, aka hana. Daɗin daɗawa, ma'aikatan Siyam suka shiga garuruwan Lawo na tudun Korat suna yi wa maza shaida da allura da tawada a wuyan hannu, don a san wanda za a kira aikin tilas, kamar yadda a ke yi wa dabba lamba. A farkon 1827 rundunar Anuwong ta kama Korat, 'yan gaba-gabanta har suka kai Saraburi, tafiyar 'yan kwanaki zuwa Bankok. Daga nan sa'a ta juya. Sarkin Siyam, Rama na III, ya tura rundunarsa ta kore su, a 1828 kuma aka rushe Biyantiyan. An kama Anuwong aka kai shi Bankok, aka sa shi cikin keji a bainar jama'a har ya mutu a 1829. Sa'ad da wasu Faransawa masu binciken kogi suka iso Biyantiyan wajen shekara 40 bayan haka, kango suka tarar daji ya rufe.

Abin da ya biyo bayan yaƙin ya fi yaƙin kansa tasiri. A wancan zamani ƙasa ba ta da wuya a wannan yanki, mutum shi ne dukiya, don haka wanda ya ci yaƙi jama'a ya ke kwasa. Siyam ta yi shekaru tana tattara mutanen gabashin kogi tana tsallakar da su yamma inda hannunta ke kaiwa. Gaskiya ne tun kafin haka Lawo sun daɗe suna ƙaura zuwa tudun Korat da kansu suna kafa garuruwa, amma wannan kwasa ce ta sa sikeli ya rinjaya, har ya zama 'ya'yan da ke waje sun fi na gida yawa.

Sai ga Bature ya iso. A watan Yuli na 1893 jiragen yaƙin Faransa biyu suka kutsa cikin kogin Chao Phraya da ƙarfin tsiya har Bankok, a watan Oktoba kuma Siyam ta sa hannu ta sallama wa Faransa duk ƙasar da ke gabashin Mekong. Ran nan kogi ya zama iyaka. Bari in ɗan ratse nan, don akwai abin da ya shafe mu. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a London ran 8 ga Afrilu 1904, wadda a cikinta suka shata wa juna inda kowa zai sa baki a Siyam, a cikinta ne kuma suka gyara iyakar da ta tashi daga Kwara zuwa tafkin Chadi, watau wadda ta ratsa ƙasar Hausa. Alƙalami ɗaya, rana ɗaya.

Yanzu fa kalmar Lawo ta zame wa Bankok ƙaya. Faransa na iya cewa tun da ita ce uwar ɗakin Lawo, to duk inda Lawo su ke nata ne. Sarki Chulalongkorn da ƙanensa Yarima Damrong, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida daga 1892, suka ga ba su da mafita sai su nuna wa duniya cewa babu wani Lawo a yammacin kogi. Manyan yankunan mulki da a da a ke kira Lao Kao da Lao Phuan da Lao Klang duk aka sake musu suna. A 1900 Lao Kao ya zama Isan, kalmar da aka aro daga Sanskirit da Pali, ma'anarta arewa maso gabas. Mai karatu ya tambayi kansa: arewa maso gabashin ina? Na Bankok mana. Watau sunan da kansa yana gaya maka inda za ka tsaya ka dubi wurin. Aka kuma umarci masu ƙidaya su riƙa rubuta kowa Tai. Sarakunan gargajiya na garuruwa, waɗanda a da gaisuwa kawai su ke aikawa Bankok su ci gaba da sha'aninsu, a hankali aka maye gurbinsu da ma'aikata masu albashi da aka turo daga can, aka kuma ɗora harajin kai wanda sai da kuɗi a ke biya.

Talakawa ba su yi shiru ba, amma da harshen addini suka amsa. A 1901 wasu takardu na ganyen kaba suka bazu ƙauye-ƙauye, mawaƙan molam na yaɗa abin da ke ciki, cewa babbar masifa na tafe, tsakuwa za ta koma zinariya da azurfa, kuma wani mai albarka zai bayyana ya kafa mulkin adalci. Mutane suka bar gona suka shiga tara tsakuwa. Wani mai suna Ong Man ya tara dubban mabiya, suka kama garin Khemmarat a 1902, suka doshi Ubon. Sojojin gwamnati suka tare su da igwa a wani ƙauye da a ke kira Saphue, aka kashe ɗaruruwa. Yana da sauƙi mai ilmin zamani ya yi wa masu tara tsakuwa dariya. Ni dai ban yi ba, don mutumin da aka ce ya kawo kuɗin haraji alhali bai taɓa riƙe kuɗi ba, ba abin mamaki ba ne in ya yi mafarkin tsakuwa ta zama kuɗi.

Abin da igwa ta fara, makaranta ce ta ƙarasa shi. Dokar ilmin firamare na tilas ta 1921 ta sa kowane yaro ya yi karatu da harshen Tai na Bankok. Lawo suna da rubutunsu iri biyu, Tham na littattafan addini da Tai Noi na labaru da waƙoƙi, ana koyonsu a ɗakunan ibada. Cikin ƙarni guda suka zama sai tsofaffi da masu bincike ke iya karanta su. Mu da muka san labarin ajami ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 1939 kuma Firayim Minista Phibun Songkhram ya sake wa ƙasar suna daga Siyam zuwa Tailan, watau ƙasar Tai, ya kuma ba da umarni a daina rarrabe jama'a da sunayen yankuna, kowa Tai ne kawai.

Amma wata ƙofa ta riga ta buɗe. Juyin 1932 ya kawo ƙarshen mulkin sarki mai wuƙa da nama, aka kafa majalisa, karo na farko ke nan da 'ya'yan Isan suka sami wurin tsayawa su yi magana a Bankok. Huɗu daga cikinsu suka yi fice: Thong-in Phuriphat na Ubon, da Thawin Udon na Roi Et, da Chamlong Daoruang na Maha Sarakham, da Tiang Sirikhan na Sakon Nakhon. Kukansu bai wuce na hanya da makaranta da ruwan noma da rabon kuɗin gwamnati ba. Suka bi Pridi Banomyong, jagoran farar hula na juyin 1932, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka shiga ƙungiyar ɓoye mai adawa da Japan, Tiang ma shi ya horar da mayaƙa a duwatsun Phu Phan. Bayan yaƙi duk sun riƙe muƙamin minista. Da soja suka yi juyin mulki a 1947 sai aka juya musu baya, aka tuhume su da shirin ɓalle Isan su haɗa da Lawos. A farkon watan Maris na 1949, da dare, 'yan sanda suka ɗauki Thong-in da Thawin da Chamlong, tare da wani tsohon minista Thongpleo Cholaphum wanda ba ɗan Isan ba ne, a mota wai za a sake musu wurin tsaro. A bayan garin Bankok aka harbe su duka. 'Yan sanda suka ce wai 'yan fashi ne daga Malaya suka kawo hari, amma ko ɗan sanda ɗaya bai yi ƙwarzane ba. Tiang kuwa a watan Disamba na 1952 aka kashe shi, aka ƙone gawarsa a dajin Kanchanaburi. A ganina nan ne siyasar Isan ta sami tabon da ba ta rabu da shi ba: duk wanda ya ce yankinsa na jin yunwa, sai a ce Lawo ne mai son raba ƙasa.

Abin ban mamaki, mutumin da ya fi kowa tsananta musu jininsu ne. Janar Sarit Thanarat, wanda ya yi juyin mulki a 1957 ya kuma mulki ƙasar har mutuwarsa a 1963, mahaifiyarsa 'yar Mukdahan ce a bakin Mekong. Shi ne ya sa aka harbe Khrong Chandawong, malamin makaranta kuma tsohon ɗan majalisa daga Sakon Nakhon, ran 31 ga Mayu 1961 ba tare da shari'a ba. Shi ne kuma ya buɗe wa yankin bakin aljihu, don ya gane yunwa ƙawar kwaminis ce. Da kuɗin Amurka aka shimfiɗa babbar hanya daga Saraburi zuwa Korat a 1958, daga baya aka kai ta Nong Khai, aka kafa Jami'ar Khon Kaen a 1964. Amurka kuma ta kafa sansanonin jiragen yaƙi a Korat da Udon da Ubon da Nakhon Phanom, daga nan jirage ke tashi suna ruwan bama-bamai a kan Biyetnam da Lawos. Lawos kaɗai an zuba mata fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973. Ka ji fa, daga gonar ɗan'uwa a ke tashi a ƙone gidan ɗan'uwa. Ran 7 ga Agusta 1965 'yan kwaminis suka yi arangamar farko da jami'an tsaro a ƙauyen Na Bua na lardin Nakhon Phanom, aka yi ta fama har gwamnatin Janar Prem ta yi tayin afuwa a 1980, mayaƙa suka yi ta fitowa daga daji. A lura, ko su 'yan kwaminis ɗin ba ƙasar Lawo su ke nema ba, mulkin Tailan duka su ke so.

Tun da mujallarmu ta adabi ce, bari in tsaya kan marubuta biyu. Khamsing Srinawk ya fitar da tarin gajerun labarai a 1958 mai suna Fa Bo Kan, watau sama ba ta shinge. Da harshen Tai ya rubuta, amma kalmar korewa da ya sa a sunan littafin, bo, ta Lawo ce, ta Bankok ita ce mai. Sunan alƙalamin da ya zaɓa kuwa Lao Khamhom. Bayan kisan ɗalibai a Jami'ar Thammasat ran 6 ga Oktoba 1976 aka haramta littafin, shi kuma ya shiga daji, daga nan ya yi gudun hijira zuwa Suwidin. A 1992 ƙasar da ta kore shi ta ba shi lambar girma ta marubucin ƙasa. Na biyu shi ne Kampoon Boontawee, mai littafin Luk Isan, watau ɗan Isan, labarin wani yaro da iyayensa a shekarun fari, yadda ƙauye ke ɗaura amalanke a tafi kogin Chi kamun kifin da za a yi daddawar shekara. Littafin ya ci kyautar adabi ta kudu maso gabashin Asiya a 1979, aka yi fim ɗinsa a 1982. Dubi bambancin: na farko ya saƙa sunan Lawo a ɓoye-a-bayyane, na biyu ya ɗauki sunan da Bankok ta raɗa ya ce nawa ne. Hanyar na biyu ce jama'a suka bi, kuma ba a rasa dalili ba. Miliyoyin 'yan ci rani daga Isan su ne direbobin tasi da leburorin gini da 'yan aikin gida na Bankok, a can kuwa in an ce wa mutum Lawo, baƙauye a ke nufi. Isan suna ne da mutum zai faɗa ba a yi masa dariya ba, ba a kuma kira masa ɗan sanda ba.

Ƙarfin da ya rage musu shi ne yawa, don kusan sulusin kujerun mazaɓu na majalisa a Isan su ke. Wanda ya fara gane darajar wannan sosai shi ne Thaksin Shinawatra, attajiri ɗan Chiang Mai, wanda ya ci zaɓen 2001. Ya kawo tsarin zuwa asibiti da baht 30, da asusun baht miliyan ɗaya ga kowane ƙauye, da jinkirta wa manoma biyan bashi. Soja suka tumɓuke shi a 2006. Magoya bayansa suka sake cin zaɓe a 2007, kotu ta rushe jam'iyyarsu a 2008. A 2010 masu jajayen riguna, da yawansu daga Isan, suka mamaye tsakiyar Bankok suna neman a sake zaɓe, suna kiran kansu phrai, tsohuwar kalmar da ke nufin talakan da a ke sa aikin tilas. Masu ƙinsu kuwa ɓauna su ke kiransu, wai dabbar da a ke ja da igiya. Soja suka watsa taron, mutum fiye da 90 suka mutu a watannin Afrilu da Mayu, a Isan kuma aka cinna wa ofisoshin lardi na Khon Kaen da Udon da Ubon da Mukdahan wuta. Ƙanwar Thaksin, Yingluck, ta ci zaɓen 2011, a 2014 soja suka sake karɓe mulki a ƙarƙashin Janar Prayut, wanda shi ma a Korat aka haife shi. Sau biyu soja suka kawo tsarin mulki a yi ƙuri'ar raba gardama, a 2007 da 2016, sau biyu ƙasa ta amince, sau biyu mafi yawan mutanen Isan suka ce a'a.

Kada mai karatu ya zaci ina wanke Thaksin ne. A zamaninsa aka kashe mutum fiye da 2,000 da sunan yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2003, a zamaninsa kuma Musulmi 85 suka mutu a Tak Bai a 2004, 78 daga cikinsu numfashi ya ƙare musu a cikin motocin soja da aka jibge su kamar buhuna. Zargin da 'yan Bankok ke yi cewa ana sayen ƙuri'a a karkara shi ma ba ƙarya ne zalla ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce manomin da ya zaɓi wanda ya rage masa kuɗin asibiti jahili ne, amma ɗan kasuwar da ya zaɓi wanda ya rage masa haraji mai wayo ne. Ba kuma a aljihun gida ɗaya su ke ba: jam'iyyar Bhumjaithai, wadda tushenta ke Buriram, ta daɗe tana cin kujeru a kudancin yankin, shugabanta Anutin Charnvirakul ya zama Firayim Minista a 2025.

Maganar Tak Bai ta kawo ni ga tambayar da ta fi damuna. Me ya sa Malayawa Musulmi na kudancin Tailan, waɗanda ba su kai yatsa ɗaya na yawan mutanen Isan ba, suka ɗauki makami suna neman ƙasarsu, Isan kuwa ba ta yi ba? Ina ganin dalilai a fili su ke. Addinin Isan da na Bankok ɗaya ne, harsunan kuma 'yan'uwan juna ne na kusa, yaro kan koyi na biyu ba da wahala mai yawa ba. Lawos, wadda 'yan kwaminis suka karɓa a 1975, ta fi Isan talauci, jam'iyya ɗaya ke mulkinta, ba ta da abin da za ta yi wa kowa kwaɗayi da shi. Sa'an nan mai miliyan 22 yana da abin da zai nema a cikin gida. Sai dai akwai farashi. Iyaye da yawa a biranen Isan da Tai su ke yi wa 'ya'yansu magana don kada a raina su a makaranta, harshen da ya rage a baki kuma kullum ƙara gaurayuwa ya ke yi da na Bankok, alhali molam da kwaɗon gwanda sun cika ƙasar duka, har waɗanda ke zagin masu su na ci suna rawa.

A ƙofar tsohon birnin Korat akwai mutum-mutumin wata mata, Thao Suranari, matar mataimakin gwamnan garin, wadda tarihin makarantun Tailan ya ce ita ta shirya dabarar da aka karya mutanen Anuwong. An kafa shi a 1934, kuma kullum akwai masu kai masa furanni, cikinsu har da jikokin waɗanda aka kwaso. A Biyantiyan kuwa, a 2010, gwamnatin Lawos ta kafa ƙaton mutum-mutumin Anuwong a bakin Mekong, takobi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a miƙe, fuskarsa na duban Isan. Ɗan makarantar Nong Khai da aka koya masa cewa mutumin nan ɗan tawaye ne, in ya hau mota ya bi gadar da aka buɗe a 1994, cikin sa'a guda zai tsaya a gabansa, kuma duk abin da mai sayar da furanni a wurin ta ce masa zai ji, ba tafinta.